Mushen da Muka Ajiye wa Ɗan'azumi

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kai Nura, da kai nake, tun ɗazu kake latse-latse kana cewa wai shirin talabijin ba wani abu ba ne, waya ɗaya da fitila ɗaya sun isa. To madalla! Ni da kuke gani na fi shekara talatin ina ɗaukar hoto, kuma fiye da rabin abin da na ɗauka ba a taɓa nuna shi ba ko sau ɗaya. Ba lalacewa ya yi ba, ƙin saye aka yi. A sana'armu muna ce masa gwaji: kashi na farko na shiri, wanda za ka yi da guminka ka kai gidan talabijin a birni. In ya yi musu, su ce ci gaba. In bai yi musu ba, su ce Allah ya ba da sa'a. Ni kuwa wannan Allah ya ba da sa'a na sha shi har na ƙoshi.

Aikina na farko a nan Kabo ne, wajen walimar wani Alhaji da ya dawo daga Makka. Lokacin gyaran rediyo nake a bakin tasha. Sai ga wani mutum siriri ya zo a fusace da igiyar waya a hannu, ta tsinke masa ana tsakiyar taro. Na ɗora mata dalma na haɗa, ya gwada ya ga ta yi, ya dube ni ya ce, "Kai, kana iya ɗaukar kaya mai nauyi?" Shi ne Malam Isyaku, ubangidana, Allah ya jiƙansa. Ashe ba wasa yake ba. Kyamarar wancan zamanin biyu ce: idon a kafaɗarsa, akwatin da kaset yake ciki a kafaɗata, igiya ta haɗa mu. Duk inda ya juya dole in juya, in ya tsuguna in tsuguna, in ya ja da baya ba tare da ya faɗa min ba, to ni ne a cikin kwata. Wata shida cur ban kai idona jikin kyamara ba. Aikina batirin mota, lema, da makirufo da muke ɗaurewa a kan gora in miƙa shi saman kan mai magana har hannuna ya sage. Hasken fuska kuwa kwali ne muka manne da takardar cikin kwalin sigari, in tare rana da shi in watsa wa mutum a fuska yana tsine min.

Gwajin da muka yi a Madadi na manoma ne. Kwana huɗu muna bin shanun huɗa cikin laka, na ɗauko yadda garma take kifa ƙasa, wallahi har yau in na tuna sai in ji daɗi. Muka kai wa manajan shirye-shirye, ya kalli minti uku ya ce, "Malam Isyaku, wa zai bar aikinsa ya zauna kallon bayan bijimi?" Shi ke nan. Muka sake yin na girki da wata mata a Sabon Birni, miyar kuka da ƙamshinta ya sa na kusa sakin gora. Kamfanin da zai ɗauki nauyi dunƙulen ɗanɗano yake sayarwa, ita kuwa ta buɗe baki a gaban kyamara ta ce duk miyar da ba daddawa ruwan wanke kwano ce. Wakilin kamfanin ya tashi ya fita ko sallama babu. Muka yi dariya har hawaye a hanyar dawowa, ga yunwa.

Sannan shekarar tsuke bakin aljihu ta zo mana. Ku ba ku gani ba. Kaset ya zama kamar zinari. Duk gwajin da aka ƙi, nan take gidan talabijin zai shafe shi ya ɗora labaru a kai, shi ya sa Malam Isyaku ya koyi kwafe kowanne a ƙaramin kaset na bidiyo kafin mu miƙa. 'Yan wasa na birni kuwa ba ka isa ka ɗauko su ba, don kuɗin mota ma ya gagara. Sai ubangidana ya ce, "Me za mu yi da su? Ga mutane a kasuwa, kowa da sana'arsa a hannu." A haka muka je Kutama da wasan kwaikwayo na mahauta.

Ɗan'azumi mahauci shi ne ya fi kowa kyau a hoto a kasuwar nan. Dogo, baƙi, ga fara'a, in yana feɗe akuya sai ka tsaya kallo. Muka ce masa a wasan sunansa Tanko. Aka kunna kyamara, abokin wasa ya kira, "Tanko! Tanko!" Ko waiwaye bai yi ba, yana ta wasa wuƙarsa. Aka sake. Aka kuma sakewa. A karo na huɗu ya ɗago ya ce, "Yo wai wane ne Tankon nan da ake ta nema?" Kasuwa ta kwashe da dariya, ni kuwa ina kallon kaset yana tafiya a banza. Malam Isyaku ya ce, "Kai, a bar kowa da sunansa." Haka aka yi. Ɗan'azumi ya zama Ɗan'azumi, a rumfarsa, da teburinsa. Inna Hanne mai tuwo, wadda kullum take sayen nama a wurinsa, ta zama Inna Hanne mai tuwo. Muka ji mun gano dabarar duniya, don ba wanda ya sake yin kuskure.

Labarin mai sauƙi ne. Wani maƙiyi zai ajiye mushen akuya a bayan rumfar Ɗan'azumi, Inna Hanne ta gani ta yi kururuwa, kasuwa ta taru a kansa. Akuyar ma yankakkiya ce da bismilla, mun kwantar da ita ne kawai muka rufe wuyanta da buhu, da yamma muka cinye ta. Amma Malam Isyaku ya ce kada a nuna wanda ya ajiye, a bar shi sai kashi na biyu, don a ja ran mai kallo. Kai, ku zo ku ga wasa! Inna Hanne ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu, "Jama'a, mushe! Ɗan'azumi mushe yake ciyar da mu!" Shi kuwa ya saki wuƙa, ya dafe kai, gumi na zuba. A nan hoton ya ƙare. Malam Isyaku ya sauke kyamara yana tsalle kamar yaro, yana cewa, "Wannan kam sai sun saya!"

Ba su saya ba. Manaja ya kalla har ƙarshe, ya ce ya yi kyau ƙwarai, amma an hana su ɗaukar sabon shiri sai abin da hali ya yi. Allah ya ba da sa'a. Muka kai wa mai unguwar Kutama kwafi ɗaya, don haka muke yi duk garin da muka yi aiki, tukuici ne na karɓar baƙi. Lokacin ko akwatin bidiyo ɗaya babu a garin. Ya naɗe kaset ɗin a tsumma ya jefa a adaka, mu kuma muka manta.

Ga abin da ya kamata ku sani game da gwaji, don a nan muka ci kanmu. Gwaji ba shi da suna a farko, ba shi da jerin 'yan wasa a ƙarshe, ba shi da kiɗa. Injin rubutun yana gidan talabijin, ba a sa maka sai an saya. Ka kunna shi kawai sai ka ga kasuwa, ka ga mutane, ka ji hayaniya, daidai da yadda ake nuna labaru.

Shekara goma sha wani abu ta wuce. Malam Isyaku ya rasu, kayan aiki suka dawo hannuna, ina ɗaukar walima da saukar Alƙur'ani. Aka ƙaddamar da Shari'a, aka fara tsawatar wa gidajen kallo su daina nuna rawa da waƙa. Wata Talata da hantsi ina zaune ina goge cikin akwatin bidiyo da auduga, sai na ji sallama. Wani dattijo ne, gemu fari, ya rame. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya aiki, ya haƙuri da rashin Malam. Sai da ya yi murmushin dole na gane shi.

Na ce, "Ɗan'azumi! Kai ne? Ya kasuwa?"

Ya ce, "Kasuwa kun kashe ta, Malam Garba."

Ashe mai unguwa ya rasu, aka raba gado, adakar nan ta faɗa rabon ɗansa, shi kuwa gidan kallo gare shi. Yana neman abin da zai nuna wanda ba rawa ba waƙa, sai ya ci karo da kaset a tsumma. Ya sa. Ga Kutama a talabijin! Ga rumfar Ɗan'azumi, ga sunansa ana kira, ga mushe. Samari suka cika ɗaki, kullum sau uku ana nunawa. Labari ya shiga gidaje wajen matan da ba su ma gani ba, su dai sun ji an ce an nuna shi a talabijin yana sayar da mushe. Masu tsire suka koma wurin wani. Masu tuwo suka daina aikowa. Lokaci ne kuma da kowa yake sa ido a kan yanka da awo, har dattawan kasuwa sun kira shi sun yi masa tambayoyi.

Na ce, "Yo ai akwai waɗanda suka san wasa ne!"

Ya ce, "Akwai. Sun faɗa. Ni ma na rantse da Alƙur'ani. Sai a ce min, Baba, mu da muka gani da idonmu? Jiya akuya ɗaya na yanka, rabinta na kai gida na soye. Shekara arba'in ina fawa, ubana ma fawa ya yi, ba a taɓa dawo mana da nama ba."

Wallahi kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce zan zo in yi bayani a masallaci bayan Juma'a. Ya girgiza kai.

"Da baki ba za ta wanku ba. Da akwatin nan kuka ɓata ni, da shi za ku wanke ni. Ina kashi na biyun?"

Kashi na biyu! Wanda ko rubuta shi ba a yi ba. Amma ina faɗa muku, da ya faɗi haka sai na ji jinina ya motsa kamar ina ɗan shekara ashirin. Duk rayuwata gwaji nake yi ana mayar min. Yau ga mutum ya tako har ƙofata yana neman ci gaban shiri. Na miƙe tsaye na ce, "Gobe ina Kutama!"

Wahala ta farko shekaru ne. A kashi na ɗaya gemunsa baƙi wuluk, yanzu fari fat. Inna Hanne ta je Makka ta zama Hajiya, da gyale a kafaɗa ta yi wasan farko, yanzu hijabi har ƙasa. Na kwana biyu ina juya abin, har na yi tunanin shuni a gemu. Can dabara ta faɗo min: a bar shekarun su shiga labarin. Wanda ya ajiye mushen ya gudu, ya yi ta fama da zuciyarsa, yanzu ya dawo ya tona kansa a gaban kasuwa. Ba sai an rina gemun kowa ba. Na buga cinya na ce Allahu Akbar, har matata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Wahala ta biyu izini. Yanzu ba ka kafa kyamara a kasuwa haka kawai. Muka zauna a zauren Liman da dattawa, na karanta musu labarin daga farko har ƙarshe. Liman mutum ne mai natsuwa, ya ce, "Gyara sunan Musulmi aiki ne mai lada. Amma sharaɗi biyu. Maza daban, mata daban wajen kallo. Sannan a rubuta ƙarara a ƙarshe cewa na farko da na biyu duk wasan kwaikwayo ne, kada a gyara ƙarya da ƙarya." Na ce na yarda. Na samu farin kwali na rubuta da boko, wani malamin Islamiyya ya rubuta min da ajami a ƙasa.

Wahala ta uku ita ce ta kusa kayar da ni. Wa zai fito a maƙiyin? Wanda muka tanada tun farko, Malam Sule, yanzu shi ke jan salla in Liman ba ya nan. Da na je masa da maganar sai ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ni? A ce ni na ajiye mushe? Malam Garba, ka rufa min asiri, ina da 'ya'ya." Na bi mahauta ɗaya ɗaya, na bi 'yan tebur, har direban tasha na tambaya. Kowa ya ga abin da ya sami Ɗan'azumi, ba mai sa kansa. Na ce to zan ɗauko ɗan wasa daga birni, a ba shi sunan ƙarya. Ɗan'azumi yana zaune a kan benci yana jin mu. Ya ce, "Baƙon da ba a sani ba, da sunan da ba na kowa ba? Za a ce saye shi na yi. Malam Garba, kai kowa ya san ka a nan, an san kana zuwa kasuwar nan tun wancan lokacin. Da sunana aka yi na farko. A yi na biyu da naka."

Ni ne na riƙe gora ranar da aka ce a bar kowa da sunansa, kuma na fi kowa murna. Na ce, "To. Allah ya sa mu dace."

Ranar kasuwa na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, na saita ta a rumfarsa, na ɗaure makirufo a jikin ginshiƙi, na danna, na zagaya na shiga gabanta. Karo na farko a rayuwata ke nan. Ashe haka mutane suke ji! Na durƙusa a gaban teburin na ce, "Ɗan'azumi, ni ne Garba na Kabo. Ni na ajiye maka akuyar nan a bayan rumfa, da hannuna. Ba ka taɓa sayar da mushe ba. Ka yafe ni." Abin da ya ba ni tsoro shi ne ba ƙarya a ciki ko kaɗan, don ni ɗin na ɗauko akuyar na kwantar ranar. Hawaye suka zo min ba tare da na nema ba. Hajiya Hanne ta matso ta ce, "Ni ma na yi ihu ban bincika ba, ka yafe ni, Ɗan'azumi." Shi kuwa ya kamo kafaɗata ya ɗaga ni ya ce, "Tashi. Allah ya yafe mu gaba ɗaya." Ɗauka ɗaya muka yi. Ɗaya tak! Malam Isyaku bai taɓa samun haka ba.

Aka nuna wa maza a gidan kallo bayan La'asar, har kan katanga mutane. Aka nuna wa mata washegari a tsakar gidan mai unguwa, janareta a waje, ni ma a waje, ina jin su ta bayan zana. Da aka zo wurin da na ce ni ne, gidan ya ɗauki salati gaba ɗaya. Wasu na kuka, wasu na guɗa, wasu na tsine wa Garba na Kabo. Kwalin Liman ya fito a ƙarshe, boko da ajami, na bar shi ya daɗe sosai yadda na yi alkawari. Amma wa ya kalla? Kowa ya miƙe yana ba na kusa da shi labarin abin da suka gani tare.

Kasuwar da ta zagayo na koma don in ga yadda ta kaya. Kafin azahar Ɗan'azumi ya yanka akuya ta uku. Masu tsire sun dawo, ana ta ba shi haƙuri, shi kuma yana ta yanka yana dariya da haƙoransa duka a waje. Ina tsaye a gefen rumfar, sai ga wata tsohuwa da kwanonta, irin waɗanda suka fi kowa iya zaɓen nama. Ta miƙa kwano, sai idonta ya faɗa kaina. Ta ja da baya.

"Ɗan'azumi, ba wannan ne ba? Har ka bar shi ya tsaya maka kusa da nama?"

Ɗan'azumi ya ajiye wuƙa ya ce, "Inna, tsaya ki ji, ai wannan bawan Allah..."

Na taka ƙafarsa ta ƙarƙashin tebur. Na san mutanen nan. In ya ce mata na biyun wasa ne, kafin magariba gari zai ɗauka cewa wankewar ce wasa, mushen kuma gaskiya. Ya dube ni, na girgiza masa kai. Ya haɗiye sauran maganar, ya ɗauki wuƙarsa, ya yanko mata cinya mai kyau ya zuba a kwano.

Ta rufe namanta da faifai, ta matso daf da ni, ta nuna ni da yatsa tana huci.

"Kai kuwa, Allah ya saka wa mutumin nan abin da ka yi masa."

Na sunkuyar da kai na ce, "Amin, Inna."